Katangar Azbakiyya: Kasuwar Tsofaffin Littattafan Alƙahira da Yawan Tashinta

Wanda ya fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ataba a tsakiyar Alƙahira, turereniya ce za ta fara tarar sa: masu tallan takalma da riguna, masu cajar waya, motoci suna ta hon, kowa yana sauri. Idan ya ɗan ratse ta gefen tsohon lambun da ke wurin, sai ya faɗa cikin jerin rumfuna fiye da ɗari, kowacce maƙare da littattafai tun daga daɓe har rufi, wasu a jere, wasu an ɗaure su da igiya, wasu an zube su tsibi-tsibi a kan tebur an soka guntun kwali mai ɗauke da farashi. A tsibi guda za a ga mujalladi na uku na wani tafsiri mai rawayar takarda wanda 'yan'uwansa suka ɓace, kusa da shi littafin koyon aikin likita na Turanci da wani ɗalibi ya zazzane da jan biro, a ƙarƙashinsu kuma tsohuwar mujallar yara da ƙamus ɗin Faransanci wanda bangonsa ya fita. In aka buɗe shafin farko, sau da yawa akwai sunan mai shi na da, da shekarar da ya saya, cikin tawadar da ta koɗe. Misrawa suna kiran wurin Sur al-Azbakiyya, wato Katangar Azbakiyya, ko da yake rumfunan sun daɗe da rabuwa da katangar da ta ba su suna. Tarihin wannan kasuwa, a ganina, hujja ce a kan magana ɗaya: tsohon littafi ba ya samun mai karatu na biyu sai an ajiye shi a kan hanyar da jama'a suke bi don wata buƙata tasu dabam. Saboda haka matsugunin kasuwar shi ne jarinta na gaskiya, kuma duk lokacin da hukuma ta ɗauke ta daga bakin hanya, karatun marasa ƙarfi ta taɓa, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Sayar da littafin da wani ya riga ya karanta tsohuwar sana'a ce a Alƙahira, ta girmi injin ɗab'i da ɗaruruwan shekaru. Hasali ma a zamanin rubutun hannu kusan kowane littafi yana bin hannaye da yawa, domin kwafe mujalladi ɗaya yakan ci watanni, kuma babu mai jefar da abin da ya ci wannan wahala. Maƙrizi, masanin tarihin birnin wanda ya rasu a 1442, ya ba da labarin abin da ya sami babbar taskar littattafan sarakunan Faɗimiyya a wajajen 1068, lokacin da yunwa da rikici suka durƙusar da daular, sojoji da ma'aikatan da ba a biya albashi ba suka kwashe littattafai a madadin haƙƙinsu. Waɗanda suka faɗa hannun jahilai, an yanke fatar bangonsu an yi takalma, takardun kuma aka watsar har ƙasa ta rufe su. Waɗanda suka faɗa kasuwa kuwa sun sami masu saye. Bayan Salahuddin al-Ayyubi ya kawo ƙarshen daular a 1171, aka sa ragowar taskar a kasuwa, kuma dillalin littattafan da ya yi suna a wannan ciniki shi ne Ibn Sura, wanda aka ruwaito cewa yakan zauna a zauren gidansa ranakun Lahadi da Laraba, malamai da manyan gari su taru yana fito musu da abin da ke hannunsa. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan zama, domin ya san zaure, kalmar dillali kanta kuma daga Larabci ta zo masa. Alƙali al-Fadil, wazirin Salahuddin, ya tara kaso mai yawa na waɗannan littattafai ya zuba su a makarantar da ya gina. Taskar sarki ta watse, amma abin da ya bi ta hannun dillali ya ci gaba da karantuwa. Kasuwar masu littattafai da Maƙrizi ya bayyana a zamaninsa kuwa, a kan babbar hanyar tsakiyar birni take, tsakanin kasuwar maƙeran zinariya da makarantar Salihiyya, inda ƙafa ba ta ɗaukewa, kuma ya nuna cewa matattarar ma'abota ilimi ce.

Injin ɗab'i ne ya sauko da wannan sana'a zuwa ga talaka. Muhammad Ali, mai mulkin Masar a lokacin, ya kafa maɗaba'ar Bulaƙ a farkon shekarun 1820, gidan al-Babi al-Halabi ya soma buga littattafai kusa da Azhar a 1859, Jurji Zaidan ya fito da mujallar al-Hilal a 1892, Rashid Rida ya biyo da al-Manar a 1898. Littafin da a da ake gadonsa kamar gona ya zama abin da akawu zai saya da ragowar albashi, ya karanta, ya sayar in wata ya yi nisa. A nan labarin ya taɓo mu kai tsaye. Tun kafin ɗab'i malamanmu suna zuwa Masar. Muhammadu al-Kashnawi, Bafulatanin Katsina masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, kuma a hannunsa ya bar littattafansa. Da ɗab'i ya yawaita sai zirga-zirgar ta juya: Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Jalalaini masu rawayar takarda, waɗanda ɗaliban zaure suke kira bugun Misra, suka cika rumfunan Kurmi a Kano da kasuwannin Sakkwato da Zariya da Damagaram. Shi ma Liya'ut Ta'wili, tafsirin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, a Alƙahira aka buga shi a 1961. Birnin da yake buga littafi har ya ciyar da ƙasashe masu nisa irin namu, dole tsofaffi su taru a gidajensa, dole kuma su nemi mafita.

Mafitar ta samu a Azbakiyya, kuma akwai dalili. Sunan unguwar ya fito daga Azbak, sarkin yaƙin Sultan Ƙaitbai, wanda a 1476 ya soma gyara wani fili a yammacin tsohon birni, ya haƙa tafkin da ruwan Nilu yake cikawa lokacin ambaliya, ya gina gida da masallaci a gefensa. Attajirai da manyan sojoji suka bi sawunsa da gine-gine, har ya zamana da Napoliyon ya ci Masar a 1798, a gidan Alfi Bey da ke bakin tafkin ya sauka. A ƙarni na 19 aka cike tafkin, Khediwi Isma'il, mai mulkin Masar, ya ɗauko wani Bafaranshe mai tsara lambuna, Barillet-Deschamps, ya mayar da wurin lambu irin na ƙasarsu, aka kewaye shi aka buɗe a 1872. Tun 1869 an riga an buɗe gidan Opera a gefensa, albarkacin bikin buɗe mashigin Suwez. Otal-otal da gidajen wasan kwaikwayo da gidajen shan gahawa suka zagaye wurin. Dandalin Ataba, daura da lambun, ya zama cibiyar taram, jirgin lantarki na kan titi, daga 1896, kuma nan babban gidan waya da hedkwatar 'yan kwana-kwana suke. Abin da ya fi duk waɗannan shi ne, a nan birane biyu suka haɗu. Daga gabas titin Muski yana kawo mutanen tsohon gari, na Azhar da Husaini da Khan al-Khalili. Daga yamma faffaɗan titunan da Isma'il ya shimfiɗa suna kawo 'yan boko da Turawa da ma'aikatan gwamnati. Mai rawani da mai jar dara da mai malafa, duk ta nan suke wucewa.

Masu littattafai na farko a wannan yanki 'yan talla ne. Mutum zai rungumo abin da hannunsa zai iya ɗauka, ya bi gidajen gahawa tebur-tebur yana nuna wa masu zama. In rana ta take, masu shan gahawa suka watse, sai 'yan tallan su taru a inuwar bishiyoyin lambun, su jingina kayansu da katanga su huta. A wannan hutun suka lura cewa mai wucewa yana tsayawa da kansa, ya ɗaga littafi ya duba, ya taya, ba tare da an bi shi da talla ba. Cinikin zaune ya fi na yawo. Masu sana'ar suna ƙirga farkon zamansu a wurin daga 1907. Hukumar birni ba ta yi maraba da su ba, domin a idonta masu tare hanya ne a gaban gidan Opera, inda manya suke sauka daga keken doki. Shekaru aka yi ana korar su, kuma labarin da 'yan kasuwar suka gada daga iyayensu shi ne har da mesar 'yan kwana-kwana aka riƙa tarwatsa su, alhali takarda ba ta da abokin gaba kamar ruwa. Suna gudu, suna dawowa. Sai a shekarun 1950 aka ba su lasisi da rumfunan katako a jikin katangar. Wannan asali ya cancanci a tsaya a kansa. Babu kwamitin da ya zauna ya zaɓi wurin, babu attajirin da ya sayi fili ya ce a zo. Ƙafar jama'a ce ta zaɓe shi, 'yan talla suka bi ta, suka kuma jure kora ta kusan rabin ƙarni saboda sun san in suka matsa ko da titi biyu ne, ciniki ya tafi.

Lasisin ya zo daidai lokacin da Masar ta cika da masu karatu marasa kuɗi. Taha Husaini, da ya zama ministan ilimi a 1950, ya mayar da karatun sakandare kyauta, a 1962 kuma gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta yi wa jami'a haka. 'Ya'yan manoma da na leburori suka cika ajujuwa, aljihu ba nauyi, ƙishirwar karatu kuwa ba iyaka. Masu ɗab'i suna fitar da jerin ƙananan littattafai masu araha na wata-wata, irin su Iƙra' na Darul Ma'arif tun 1943 da Kitabul Hilal tun 1951, waɗanda in an gama da su suke gangarowa katanga su ƙara araha. Ta ɓangaren kaya kuma, bayan yaƙin Suwez na 1956 dubban Faransawa da Turawan Ingila da Yahudawa, daga baya Girkawa da Italiyawa, suka bar ƙasar, kuma mai tafiya da akwati biyu ba ya ɗaukar kabad ɗin littattafai. Manyan gidajen da juyin mulkin 1952 ya karya su ma suka saki nasu. Har yau akwai jijiyar da take shayar da kasuwar kullum, wato masu amalanken da suke bin unguwanni suna kiran “rubabikiya”, kalmar da ta fito daga Italiyanci mai nufin tsofaffin kaya. Suna sayen komai, daga karyayyar kujera har littattafai a kan kilo, kamar 'yan gwangwan a garuruwanmu. Mai rumfa yana saye daga hannunsu, ya zauna ya tsince, kuma a wannan tsincewar ƙwarewarsa take. Da yawa gadon sana'ar suka yi, karatunsu na makaranta bai yi nisa ba, amma mutum zai ɗaga littafi ya gane bugun Bulaƙ ne daga harafinsa da takardarsa, ya san wane mujalladi ne mai wuyar samu, ya kuma tuna malamin da ya daɗe yana cigiyarsa.

Sai abin da mai saye yake samu a nan wanda ba ya samu a wani wuri. Wanda ya shiga laburare ko kantin sababbin littattafai, yawanci da suna a bakinsa ya shiga: ya san abin da yake nema, ko malami ya rubuta masa. Kantin sabo yana ajiye abin da ke tashe bana, domin kuɗin haya ba ya barin sa ya riƙe kayan da ba sa tafiya. Laburare yana da tsari, tsarin kuwa inda ka nufa kawai yake kai ka. A katanga babu fihirisa. Ɗalibin injiniya ya zo neman littafin lissafi mai araha, sai hannunsa ya faɗa kan diwanin waƙoƙi. Ɗalibin Azhar ya zo cike giɓin sharhin Mukhtasar, sai ya tashi da tarihin Andalus ko littafin ilimin taurari. Ba ya jin tsoron gwadawa, domin kuɗin ba mai yawa ba ne, in bai yi masa ba ya dawo da shi ya ɗora kaɗan ya canja. Babu mai tambayar sa katin shaida, babu mai hana shi tsayawa ya karanta shafi goma kafin ya taya. Irin wannan tsintuwa takan buɗe kan mutum ta inda manhaja ba ta kai ba, kuma sharaɗinta guda ne, mutum ya iso wurin ba da niyya ba, ko da niyyar ɗan abu kaɗan. Wanda zai shiga mota ya yi tafiyar awa guda takanas don kasuwar littattafai, wannan ya riga ya zama mai karatu. Wanda ake so a kama shi ne yaron da ya sauko daga mota zai je sayen takalmi.

Da wannan za a auna girman abin da ya biyo baya. Gidan Opera ya ƙone ƙurmus a watan Oktoba na 1971, aka gina gareji mai hawa-hawa na ajiye motoci a gurbinsa. Lambun kansa an riga an tsaga shi da titi, aka riƙa gutsurar sa. A farkon shekarun 1980 aikin gadar sama da ta nufi Azhar ya sa aka tashi rumfunan, aka kai da yawa unguwar Sayyida Zainab. A farkon shekarun 1990 aikin layi na biyu na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sa aka kai masu littattafai Darrasa, can bayan Azhar wajen maƙabartu, inda mai wucewa ya yi ƙaranci. Sai a ƙarshen waɗannan shekaru aka dawo da su Azbakiyya cikin sababbin rumfuna, amma a lungun da ba ya kallon babban titi. Aikin layi na uku, wanda aka buɗe kashinsa na farko daga Ataba zuwa Abbasiyya a 2012, ya sake matsar da su. Kowane tashi da asararsa. Tsohuwar takarda ba ta son ɗauka da saukewa, mujalladai suna rabuwa da juna a buhuna, mai sayen da ya zo sau biyu bai tarar da kowa ba ya daina zuwa, tsohon da ya san kaya ya gaji ya zauna a gida, ɗansa kuma ya ga sayar da kayan waya ya fi sauƙi.

Mai kare hukuma zai ce birnin da mazaunansa suka haura miliyan 20 ba zai fasa gina jirgi don rumfuna ɗari da ɗoriya ba. Wannan gaskiya ne, kuma talakan da yake sayen littafin gwanjo shi ne ya fi kowa morar jirgin. Babu mai jayayya a kan haƙa rami. Jayayyar tana kan yadda ake lissafin masu littattafai in an zo rabon fili, domin kullum a layin masu tare hanya ake sa su, waɗanda za a nema wa inda za a ajiye, alhali sun cancanci shiga cikin abubuwan da ake tsara titi domin su zauna. Faris, babban birnin Faransa, ta nuna cewa akwai wani zaɓi. Masu tsofaffin littattafai na bakin kogin Sen su ma sun sha kora a tarihinsu, amma tun 1891 aka yarda su kafe akwatunansu a jikin katangar kogin su kwana a nan. Da 'yan sanda suka nemi a cire ɗaruruwan akwatunan saboda bikin buɗe wasannin Olamfik na 2024, jama'a suka yi ca, har Shugaba Macron ya soke umarnin a watan Fabrairun shekarar. Tashar Ataba, inda layuka biyu suka haɗu, tana fitar da jama'ar da taram bai taɓa ɗauka ba. Da tun farko an jera rumfunan a bakin ƙofofinta suna kallon titi, da jirgin da ya tashe su shi ne zai fi kowa kawo musu ciniki.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma masu ɗab'i ne suke yin sa. Suna cewa katangar ta zama kasuwar littattafan jabu, ana ɗaukar sabon littafin da ke tashe a sake buga shi a ɓoye a kan takarda mara kyau, a sayar a kan kuɗi kaɗan. Babu amfanin musu, ana yi, kuma zalunci ne ga marubucin da ya ɓata shekaru da mai ɗab'in da ya zuba jari. Marubutan Kano da 'yan fim sun san zafin wannan cuta, ba sai an ba su labari ba. Amma a duba ta inda take shigowa. Masar tana sayo takardar ɗab'i mai yawa daga waje, kuma da aka saki fam ɗin Masar ya nemi darajarsa a kasuwa a Nuwamban 2016, ya rasa kusan rabin ƙimarsa a kan dala, farashin sabon littafi ya yi tsalle ya bar albashi a baya. Jabu yana shiga ne ta ratar da ke tsakanin abin da mutum yake son karantawa da abin da aljihunsa zai iya. Gwamnatin Masar da kanta ta gane wannan rata tun 1994, da ta fara shirin Maktabatul Usra na buga manyan littattafai a sayar da su da rahusa. Sannan a rarrabe tsakanin mutane biyu. Mai sayar da littafin hannu bai ci haƙƙin kowa ba, domin an riga an biya marubuci ranar da aka sayi kwafin da fari. Mai jabu kuwa yana da maɗaba'ar da take buga masa, ita ya kamata a bi, kuma dokar kare haƙƙin mallaka ta 2002 tana nan. In aka tashi kasuwa ɗungurungum, mai gaskiya ne yake kwana ciki, shi mai jabu ya koma bakin wata tasha ya ci gaba.

Akwai kuma masu cewa kasuwar daga mutuwa take ci. Malami ya yi rayuwarsa yana tara littattafai, kafin a yi sadakar arba'in magada sun kira mai amalanke, abin da aka tara da tsari ya watse rumfa-rumfa. Abin da ciwo, kuma da kowace taska za ta sami ɗakin da zai karɓe ta gaba ɗaya, da ya fi. Sai dai Darul Kutub, babban laburaren ƙasa da Ali Mubarak ya kafa a 1870, ba zai iya karɓar kabad ɗin kowane malamin makaranta ba. Hanya biyu ce a gaban littafin da magada ba sa so: ko rumfa, ko hannun mai ta'amiyya, wato ƙosan Masar, ya yage shi shafi-shafi yana ƙunshe wa mutane karin kumallo, in ma bai tafi injin niƙa takarda ba. Mai rumfa ne yake tsaye tsakanin littafin da wannan makoma. Ta hannunsa masu bincike suke haɗa jerin tsofaffin mujallu irin su al-Risala ta Ahmad Hasan al-Zayyat, wadda ta fito daga 1933 zuwa 1953, da bugun farko na littattafan da ba wanda ya sake bugawa, da abubuwan da sauyin gwamnati ya kawar daga kantuna, kamar littattafan zamanin sarauta ko fassarorin Larabci masu araha da ake bugowa daga Mosko a zamanin Tarayyar Sobiyet.

Ƙorafin da ya fi yawa a bakin matasa shi ne zamani ya wuce wurin, tunda dubban littattafan Larabci suna intanet kyauta, wayar hannu kuma ta fi kowace rumfa kaya. Ga wanda ya san sunan abin da yake nema haka ne, kuma alheri ne babba, musamman ga ɗalibin da ke Gusau ko Maraɗi wanda hanyarsa ba ta bi ta Ataba ba. Amma akwatin bincike jiran ka yake ka rubuta suna, kuma abin da ba ka taɓa jin sunansa ba, ba ka iya rubuta shi. Shekarar 2019 ta ba da amsa a aikace. Baje kolin littattafai na duniya na Alƙahira, wanda aka fara a 1969, ya daɗe yana ware wa 'yan katanga ɓangare, kuma nan ne marasa ƙarfi suke yin dafifi. A shekarar cikarsa 50 aka mayar da shi sabon zauren baje koli a Tajammu'ul Khamis, can wajen gari, aka rage musu gurabe, aka tsaurara sharuɗɗa da hujjar yaƙi da jabu. Mafi yawansu suka ƙi zuwa. Suka shirya nasu bajen na wata guda a rumfunansu, suka karya farashi, labari ya bazu ta Facebook. Jama'a suka yi cincirindo har lungunan suka kasa ɗauka, da yawa daga cikinsu matasa ne da wayoyi a hannu. Mutanen da aka ce sun bar takarda sun zo, saboda kaya sun yi araha kuma wurin yana bakin tashar da kowa ya san hanyarta.

Ɗalibanmu da suke karatu a Azhar, da yawa suna zaune a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya, kuma sun san kantunan sababbin littattafan addini na bayan masallacin kamar tafin hannunsu, domin can manhaja take tura su. Daga Abbasiyya zuwa Ataba tashoshi kaɗan ne a layi na uku. Wanda Allah ya kai shi Alƙahira, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa ko mai neman magani, ya ware yammaci ɗaya, ya sauka a Ataba ya tambayi Sur al-Azbakiyya. Kada ya tafi da jerin sunaye. Ya riƙe 'yan canji a aljihu, ya taya kafin ya biya, kuma ya buɗe tsakiyar littafin ya tabbata shafukan sun cika.